Folda Uku Sun Isa Su Gyara Akwatin Imel Ɗinka

A aikinmu na kula da na'urorin ofis, koken da muka fi ji game da imel shi ne, "An ce an turo mini, amma ban gani ba." Da wuya a tarar saƙon bai iso ba. Yana nan, alat na banki da tallace-tallace da sanarwar Facebook ne suka danne shi, ga allon waya ba ya nuna saƙonni da yawa a lokaci guda. Rasit ɗin Remita, wasiƙar gayyata zuwa ganawar neman aiki, sanarwar JAMB ko NYSC, duk suna cakuɗe da tarkace. Maganin wannan shi ne folda, kuma ba da yawa ba: ta kuɗi, ta aiki ko makaranta, sai ta takardun da ba ka so su ɓace. Wanda ya buɗe ashirin, wani sabon ruɗani ya jawo wa kansa.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, foldar ba a cikin wayar take zama ba, a asusunka take. Manhajojin Gmail da Outlook da Yahoo suna nuna abin da ke kan sabar kamfanin ne, saboda haka ko an sace wayar ko ta faɗa ruwa, da zarar ka shiga asusun a wata wayar, tsarinka na nan. Sai dai a kula: idan mai gyara ya haɗa maka imel ɗin ofis da tsarin POP maimakon IMAP, akwatin shigowa kaɗai wayar za ta janyo, foldojin ba za su biyo ba. Gmail kuma lakabi yake amfani da shi a madadin folda, shi ya sa saƙo ɗaya zai iya zama a wuri biyu, kuma goge lakabin ba ya goge saƙonnin. Idan manhajar wayarka ba ta nuna wurin ƙirƙirarsa ba, buɗe Gmail a kwamfuta. A can ne kuma ake kafa matata, wato umarnin cewa duk saƙon da ya zo daga adireshin bankinka ya wuce foldar kuɗi kai tsaye.

Wani zai ce, ai akwai wurin bincike, me ya kawo wahalar folda? Bincike yana amfani ga wanda ya tuna abin da yake nema. Bayan shekara biyu, wa zai tuna sunan adireshin da makaranta ta turo rasit da shi? Rubuta sunan bankinka ka gani: ɗaruruwan alat ne za su fito, takardar da kake nema tana tsakiyarsu. Wani kuma zai ce folda ba ta rage cunkoso. Wannan gaskiya ne. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, kuma matsar da saƙo ba ya rage ko ƙwaya. Amma wanda ya ware muhimman takardunsa shi ne zai iya share sauran hankali kwance. Wanda bai ware ba yakan share da ka, kwandon sharar Gmail kuma bayan kwana 30 yake zubar da komai, babu dawowa.

Kafin ka share komai daga akwatinka, buɗe foldojin nan uku, ka fara kwashe rasit da takardun shaida.