DARASI: INSHORAR LAFIYA GA MAI CIWON HUHU

'Yan'uwa, mun san yadda Yusufu ya tara hatsi a Masar cikin shekara bakwai na ƙoshi domin shekara bakwai na yunwa. Inshorar lafiya rumbu ce irin wannan: kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kayar a yi masa magani daga ciki. Mai asma, ko wanda hayaƙin murhu, ko taba, ko ƙurar sussuka suka lalata masa huhu, ya fi kowa bukatarta, gama ciwonsa ba ya warkewa sarai, kuma da hunturu yakan tashi.

A shekarar 2022 aka kafa dokar hukumar NHIA a Nijeriya, wadda ta gāji NHIS, ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Jihohi ma suna da nasu hukumomin: KADCHMA a Kaduna, PLASCHEMA a Filato, KSCHMA a Kano. Manomi yana iya shiga ko da ba ya cin albashi. Amma kafin ka ba da kuɗinka, ka yi waɗannan tambayoyi:

1. Za su ɗauki nauyin ciwon da nake da shi tun kafin in shiga? Kada ka ɓoye ciwonka. Ka faɗi gaskiya, su kuma su ba ka amsa a rubuce.

2. Maganina yana cikin jerin magungunansu? Ka tafi da kwalinsa. Masu asma da yawa suna bukatar maganin shaƙa iri biyu: mai buɗe ƙirji nan take, da na rigakafi na kowace rana. Ka tambaya kashi nawa za ka cika daga aljihunka.

3. Wane asibiti zan zaɓa? Numfashi ba ya jiran mota. Ka zaɓi na kusa, wanda ake samu a buɗe da dare. In ba su da iskar oksijin ko hoton ƙirji, ka san inda za su tura ka.

4. Yaushe katin zai fara aiki, kwana nawa kuma za su biya in an kwantar da ni? Sau da yawa akwai lokacin jira, saboda haka ka yi rajista da kaka, lokacin da kuɗi ke hannu.

Sa'an nan ka zauna da iyalinka ku lissafta abin da ciwon ya ci bara: magani, mota, da ranakun da gona ta zauna ba aiki. Ku gwada shi da kuɗin inshora na shekara. Idan ka ji sauƙi, kada ka fasa sabunta katin.

Abin lura: tari na fiye da mako biyu yana iya zama tarin tibi. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, yawanci wata shida ake sha.

Don tattaunawa: Gwauruwa nawa ko tsofaffi nawa ne a ikilisiyarmu ba su iya biyan kuɗin nan? Ko Zumuntar Mata da matasa za su iya noma gonar gayya domin a yi musu rajista?