Shin Lambobin Da GPS Ya Dogara Da Su Na Iya Sauyawa?

Duk matashin da ya buɗe Google Maps a Mandera, ko a kan hanyar Bodinga zuwa Shagari, ya ga shuɗin ɗigo ya nuna inda yake, to ya jingina ne da wasu lambobi ba tare da ya sani ba. Ɗaya ita ce gudun haske, mita 299,792,458 a daƙiƙa. Wata ita ce kaɗawar ƙwayar zarra ta siziyam, sau 9,192,631,770, wadda da ita aka ƙayyade tsawon daƙiƙa tun 1967. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da kilomita 20,000 ɗauke da agogon zarra, waya kuma tana lissafa lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya ajiye mutum mita 300 daga inda yake, a gonar maƙwabci.

To haka lambobin nan suke tun asali? A 1937 masanin fiziks Paul Dirac ya yi hasashen cewa ƙarfin maganaɗisun da ke jan abu ƙasa yana raguwa sannu a hankali. Sai dai akwai tarko: tun 1983 da gudun haske ake ƙayyade mita, don haka auna shi da mita kamar auna mudu ne da mudu. Shi ya sa masana suka koma kan lambar da ba ta da ma'auni, mai suna alfa, kusan 1/137, wadda ke nuna ƙarfin riƙo tsakanin lantarki da haske.

Hujja mafi daɗin ji daga Afirka ta fito. A 1972 wata masana'anta a Faransa ta gano cewa yuraniyom ɗin da aka haƙo a Oklo ta ƙasar Gabon, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, yana da nau'in 235 kashi 0.717 cikin ɗari maimakon 0.720. Ashe wajen shekara biliyan biyu da suka wuce ma'adinin ya kunna kansa kamar tashar nukiliya. A 1976 Alexander Shlyakhter ya nuna cewa ragowar sinadarin samariyam a wurin tamkar rajista ce ta wancan zamani. Lissafin da ya biyo baya ya nuna ko alfa ta motsa, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin miliyan goma ba.

A 1999 John Webb da abokansa suka ce hasken da ya taso daga nesa, wanda madubin Keck na Hawai ya kama, ya nuna alfa ta ɗan fi ƙanƙanta a da. An yi ta muhawara, amma sababbin awo daga Chile ba su ga sauyin ba, kuma zargi ya fi karkata ga na'urar awon. Tun 20 ga Mayu 2019 ma, kilo kansa da lambar Planck ake ƙayyade shi, ba da dunƙulen ƙarfen da ke ajiye kusa da Paris ba.