Yadda Sabon Ma'aikaci Zai Auna Kuɗin Haya da Albashinsa

A garin Jabo, da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, ba al'ada ba ce saurayi ya kama haya, domin kuwa gidan gado yakan wadatar da shi da shago, wato ɗakin da ke ƙofar gida ko gefen zaure, inda yake kwana tare da sa'o'insa har ranar da za a yi masa aure a yanka masa sashe a cikin gida. Abin da ke fitar da shi daga wannan tsari shi ne aiki. Wanda ya gama karatu a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka ɗauke shi koyarwa ko aikin asibiti aka tura shi Kuchi ko Sanyinna ko Dogon Daji, ko kuma ya sami aiki a cikin birnin Sakkwato, shi ne yake samun kansa gaban mai gidan haya da albashin da bai taɓa riƙewa ba, ana tambayarsa kuɗin da bai taɓa lissafawa ba. Haka ma baƙon da aka turo Jabo daga wata jiha don yi wa ƙasa hidima.

Akwai ƙa'idar da ta yaɗu a duniya, wadda ta ce kada kuɗin haya ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Asalinta daga Amurka ne, inda a 1969 aka yi dokar da ta hana karɓar fiye da kashi 25 cikin 100 na samun iyali a gidajen gwamnati, sannan a 1981 aka ɗaga adadin zuwa kashi 30, daga nan masu ba da shawara kan kuɗi suka ɗauke shi suka mai da shi ma'aunin kowa. An gina wannan ma'auni ne a kan mutumin da albashinsa nasa ne shi kaɗai, wanda yake biyan haya wata-wata, kuma abinci ba ya cinye masa rabin abin da ya samu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa uku da ya dace da ɗan Jabo. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya, bisa dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, naira 70,000 ne a wata, bayan ya kasance naira 30,000 tun 2019, alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima kuwa ya koma naira 77,000. Idan aka bi ƙa'idar Amurkawa, mai naira 70,000 zai ga kamar yana da ikon biyan naira 21,000 a wata, wato naira 252,000 a shekara, alhali wanda ya kama ɗaki a kan wannan kuɗi zai fara cin bashin garin kwaki kafin wata ya raba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bar kuɗin haya ya zama na ƙarshe a lissafi. Ana farawa ne da abin da ke shiga hannu, domin albashin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki yakan ragu kafin ya iso: ma'aikatan tarayya da na kamfanoni ana cire musu kashi 8 cikin 100 na fansho bisa dokar 2014, ga kuɗin ƙungiyar ƙwadago, wasu kuma ana cire musu kashi 2.5 cikin 100 na asusun gidaje na ƙasa. Daga abin da ya rage sai a fitar da haƙƙin gida. Wannan shi ne abin da littattafan waje ba su san da shi ba, kuma shi ne matashi ya fi jin kunyar rubutawa a takarda, yana ganin kamar rashin ladabi ne ya sa iyayensa cikin lissafi. Amma ranar da albashin farko ya fito, gida duka ya sani, kuma daga ranar akwai cefanen mahaifiya, da kuɗin makarantar ƙanne, da takin zamani idan damina ta kawo jiki, da gudummawar biki da suna, da ɗinkin sallah. Wanda bai ware wa waɗannan kasonsu tun farko ba, zai biya su duk da haka, sai dai daga cikin kuɗin haya zai biya.

A ƙaddara, don misali kawai, malamin makaranta ne ɗan Jabo da naira 65,000 ke shiga hannunsa. Ya ware wa gida 10,000, abincinsa 28,000 idan yana girki da kansa kuma ana aiko masa da gero ko shinkafa daga gida lokaci-lokaci, kuɗin kabu-kabu da na motar zuwa gida 8,000, katin waya da sabulu da aski 5,000, sannan 5,000 na ko-ta-kwana saboda zazzaɓi ko rasuwa. Jimla 56,000 ke nan, saura 9,000, wanda a shekara ya kama 108,000. Wannan ragowar ma ba duka ce ta mai gida ba, domin zama a ɗaki yana da nasa kuɗin: na wutar lantarki, wanda a gidan da babu mita akan raba wa 'yan haya ko an sami wutar ko ba a samu ba, da na 'yan ga-ruwa inda babu rijiya ko famfo, da na 'yan sintiri a unguwannin da suka ɗauke su. Idan waɗannan suka ci 2,000 a wata, an koma 84,000. Sai kuma la'ada, wato ladan dillalin da ya nemo ɗakin, wadda a birane galibi kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin shekara. Ashe ɗakin da wannan malami zai iya ɗauka ba tare da ya wulaƙanta ba shi ne wanda bai wuce kimanin naira 75,000 a shekara ba, abin da bai kai sulusin adadin da ƙa'idar kashi 30 ta nuna masa ba. Kowa zai sa nasa alƙaluman a gurbin waɗannan, tunda farashi yana sauyawa, amma jerin cirewar ba ya sauyawa.

Matsala mafi nauyi tana cikin shekarar farko. A biranen Nijeriya ana biyan haya ne shekara guda gaba ɗaya kafin a karɓi makulli, wasu masu gidaje ma sukan nemi fiye da haka, har ta kai Jihar Legas ta yi doka a 2011 don hana masu gidaje karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Sabon ma'aikaci kuwa ana bukatar ya kama aiki kafin ya ga ko sisi, kuma ba abin mamaki ba ne albashin farko ya yi jinkirin watanni kafin sunansa ya shiga takardar biya. Saboda haka kuɗin hayar farko kusan kullum daga wani wuri yake fitowa: uba ya sayar da rago ko buhunan gero, ko yaya ya ranta. Idan kyauta ce, an huta. Idan rance ne, to, matashin zai biya haya biyu a cikin shekara ɗaya, yana mayar da ta bana yana kuma tara ta baɗi, duk daga cikin wannan 9,000 ɗin da ba ta isa abu biyu ba. Nan ne masu sabon albashi da yawa suke faɗawa ramin da sukan daɗe ba su fito ba. Mafitar ba mai daɗi ba ce ga wanda ya ƙosa ya zauna shi kaɗai, amma ita ce mai lafiya: ya sauka wurin dangi ko ya haɗa ɗaki da abokin aiki na watannin farko, har ya tara kuɗin shekara da guminsa. A ƙananan garuruwa irin Jabo da Kebbe abin ya fi sauƙi, domin sau da yawa mai unguwa ko shugaban makaranta yakan nema wa baƙon malami masauki, kuma mai gida yakan yarda da biyan wata-wata ko na wata uku-uku idan an roƙa tun kafin a shiga. Mace ma'aikaciya da ba ta yi aure ba, a wannan yanki, galibi gidan dangi ko gidajen ma'aikata take sauka, amma lissafin bai bar ta ba, tunda zaman gidan mutane ma yana da nasa hidimar.

Tara kuɗin shekara mai zuwa yana bukatar wurin da hannu ba ya kaiwa da sauri. Adashe ya dace da wannan, muddin mutum ya nemi uwar adashe ta sa kwasarsa ta faɗo wata ɗaya ko biyu kafin hayarsa ta ƙare. Wasu kan sayi tunkiya a bar musu a gida, ko hatsi da kaka su sayar da bazara, dabarar da ke kare kuɗi daga faɗuwar darajar naira, ko da yake dabba tana mutuwa, farashin hatsi ma yakan karye. Ko ta wace hanya aka bi, ya kamata a riƙa tara abin da ya ɗan ɗara hayar bana, domin da wuya mai gida ya sabunta ba tare da ƙari ba.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma wannan ya fi bayyana a zancen nisa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin abin hawa ya zama kishiyar kuɗin haya. Ɗakin da ya yi sauƙi a Kwannawa ko bayan Arkilla, ga mai aiki a tsakiyar birnin Sakkwato, yana iya fin na Mabera tsada idan aka tara kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa kwana ashirin da biyu a wata, aka ninka sau goma sha biyu. Ɗan Jabo kuma sai ya ƙara da kuɗin motar hanyar Sakkwato zuwa Jega, domin da wuya a bar shi ya yi wata biyu bai leƙo gida ba. Shi kansa ɗakin yana da abin da yake ɓoyewa. Wanda ya je dubawa da rani ya ɗaga kai ya kalli silin ko azara, ya nemi tabon ruwa mai launin ƙasa-ƙasa a kusurwa, ya dubi gindin bango ko ya yi farin gishiri yana zubar da yaɓe, ya fita ya ga inda indararo ke zubar da ruwa, sannan ya ƙirga ɗakunan gidan ya ƙirga makewayi. Rufin kwano mara silin kuwa, a zafin watan Afrilu na ƙasar Sakkwato da ke haura digiri 40, ba ya kwantuwa sai a tsakar gida. Ya kuma tambaya tun da wuri ko ana ba gwauro haya, domin masu gidaje da yawa ba sa sa saurayi a gidan da matan aure ke zaune, kuma gara ya ji haka kafin ya ba dillali kafin-alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa don kama ciniki.

Idan an daidaita, sai a rubuta. Malaman fiƙihu suna kiran haya ijara, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa, ta shardanta a yanke wa'adi a kuma ambaci kuɗi kafin ta inganta. Takarda ɗaya ta isa, mai ɗauke da ranar shiga da ranar fita, da adadin da aka biya, da wanda gyaran rufi da yashe masai ke wuyansa, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin ƙari ko tashi, da sa hannun shaidu biyu, wanda in da hali mai unguwa ya zama ɗaya daga cikinsu. Rasit ma ya sami sabon amfani, domin dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairu na 2026 ta yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko ta samun shekara, ta kuma ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya, matuƙar bai wuce naira 500,000 ba, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Mai mafi ƙarancin albashi ba zai ga tasirin wannan rangwame yanzu ba, tunda ba a karɓar haraji a hannunsa, amma da zarar an yi masa ƙarin girma albashinsa ya haura, ofishin haraji zai nemi shaidar biyan haya a rubuce kafin ya ba shi.