Yaya Ake Tuƙi a Kan Ƙanƙara?

Wani mutum daga Kurmin Mashi a Kaduna ya nemi sanin yadda direbobin ƙasashen sanyi ke tafiyar da mota idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Asalin matsalar santsi ne, wato raguwar riƙon da ke tsakanin taya da kwalta, har littafin dokokin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa nisan da mota ke ci kafin ta tsaya na iya ninka na busasshen titi sau 10 a kan ƙanƙara, aƙalla sau 2 kuma a jiƙaƙƙen titi. Saboda haka direba kan tashi da giya ta biyu, ya taɓa totur da birki a hankali, idan kuma bayan motar ya zame, sai ya saki totur ya karya sitiyari ta ɓangaren da ya zame. Mafi haɗari ita ce baƙar ƙanƙara, siririn ruwa da ya daskare yana kama da kwalta, musamman a kan gada. Hukumomi kan watsa gishiri domin ya narkar da ita.

Kaduna ba ta san ƙanƙarar titi ba, amma ruwan farko na damina kan kwaɓa ƙurar rani da baƙin man da tireloli suka ɗiga a titin Nnamdi Azikiwe, har kwalta ta yi sulɓi kamar miyar kuɓewa, kuma tayar da zanenta ya shafe ita ke fara zamewa.