NOMA DA KIWO: Gwajin Sabon Harsashi A Bindigar Toka

Idan kaka ta wuce, dawa ta shiga rumbu, manomin ƙasar Gammo mai bindigar toka yakan sami sukunin duba ta. Tun damina take aiki, ta kori birai daga masara, ta tsare gyaɗa daga zomo da gafiya, wani lokaci ma ta samo zabon daji na miya. A irin wannan lokaci ne wani zai zo masa da sabon harsashi, ko daga wurin maƙeri, ko daga hannun ɗan kasuwa, ya ce masa wannan ba ya kuskure. Sai manomi ya ɗura, ya auna gindin kuka ko wani tsohon gwangwani, ya harba sau ɗaya. In ya samu, ya ce harsashi ya yi kyau, ya biya. In ya kuskure, ya ce albarushi ne ya sha sanyi.

Wannan ba gwaji ba ne. Harbi ɗaya ba ya nuna kome sai sa'a ko rashinta. Manomi ba ya yabon sabon irin gyaɗa don ya ga kwanso ɗaya mai kyau, sai ya shuka kunya guda kusa da tsohon iri, ya tone, ya auna. Haka harsashi yake.

Kafin a je ga gwajin, ya kamata a san irin bindigar da ake magana a kanta, watau wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, wadda waɗansu ke kira harba-ka-ruga. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Turawa kuwa suna kiranta da sunan mutanen Danmak, gama fatakensu sun daɗe suna sayar da irinta a bakin teku, suna da ganuwa a Ankara ta ƙasar Gana har 1850 da suka sayar wa Ingilishi. Abin da ya shafi manomi a nan shi ne cikin bututunta sumul yake, kamar cikin gora.

Akwai wata iri da ake ɗurawa ta baki ita ma, amma an sassaƙa mata layuka a cikin bututu, suna murɗewa kamar tufkar igiya. Harsashi in ya bi ta cikinsu sai ya fito yana juyawa. Duk wanda ya taɓa kallon mace tana kaɗi ya ga dalilin: mazari yana tsayawa a kan tsininsa muddin yana juyawa, da ya daina sai ya kwanta. Dogon harsashi mai tsini haka yake a cikin iska. Wajen 1849 wani hafsan sojan Faransa mai suna Minié ya fito da dogon harsashin dalma mai rami a gindi, wanda ke buɗewa ya kama layukan idan albarushi ya tashi, kuma da irinsa aka yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Har yau maharban Amurka suna farauta da bindigogin ɗurin baki masu layuka. Ta dogon harsashi, layinta yakan yi zagaye ɗaya a cikin inci 28, ta mulmulalle kuwa a cikin inci 66.

To, a nan ne manomi ke yin hasarar kuɗinsa. Yakan ga dogon harsashi ya yi kama da na soja, ya zaci ya fi nasa. A bututu sumul ba abin da zai juya shi, saboda haka da ya bar baki sai ya riƙa tuntsurawa, ya isa a kaikaice. Bugu da ƙari ya fi mulmulalle nauyi, kuma iyakar nauyin abin da albarushi zai tura, iyakar ƙarfin da zai matsa wa bututu. Bututun da maƙeri ya yi da ƙarfen famfo yana da layin walda tun daga sama har ƙasa, ba a yi shi don wannan matsi ba. Mai bindiga sumul, mulmulallen harsashin dalma wanda ya dace da faɗin bututunsa shi ne nasa.

Dalma aka ce, ba gutsattsarin ƙusa ko rodi ko boris na keke ba. In an sami ƙwallo biyu masu girma ɗaya, na ƙarfe ya yi nauyi 7, na dalma zai yi 10, don haka na dalma ya fi riƙe gudunsa. Kuma dalma tana da taushi, ba ta ƙarzar bututu. Ƙarfe kuwa in ya daki dutse yakan dawo, ba ya tambayar wa ya harba shi.

Ranar da za a yi gwaji, a fara da tankaɗe. A zube sababbin harsasai a faranti, a gangara su ɗaya ɗaya. Wanda ya yi ɗingishi, ko mai ƙunci, ko mai rami, a ware shi. In akwai maƙerin farfaru a kusa mai ɗan ƙaramin sikeli, a roƙe shi ya auna su, gama harsashin da ya fi 'yan'uwansa sauƙi iska ce ta maƙale a cikinsa lokacin zubi, ba kuwa zai tafi daidai ba. A zaɓi biyar masu kama da juna. A zaɓi biyar kuma daga tsofaffin da aka saba da su, don ba a sanin sabo ya fi sai an jera shi da tsoho.

Wurin gwaji ya zama nesa da gari, da burtali, da hanyar masu itace. Bayan abin da za a harba, lalle a sami gaɓar rafi mai yashi ko tudun ƙasa mai laushi wanda ya fi mutum tsawo. Kada a harba wajen fa, ko kan ruwa, ko cikin karan dawa da ba a ga bayansa. Yara sukan taru da jin ƙara ta fari, sai a sa babba guda ya tsare su a baya. Da sassafe ya fi, kafin iskar hunturu ta taso. A kafa allon katako, a manna masa takardar buhun siminti, a zana baƙin tabo da gawayi kamar faɗin bakin kofi. A auna yadi 25 da igiya, ba da ido ba. A kife turmi, a ɗora masa buhun yashi, maharbi ya zauna ya kwantar da bindiga a kai. Wani zai ce wannan ba harbin maza ba ne. Gaskiya ne, amma harsashi ake gwadawa yau, ba hannun maharbi ba.

Wajen ɗuri ne gwajin yake yin kyau ko ya ɓaci, nan ne kuma ake rasa yatsu. Dokarsa ɗaya ce: harsashi kaɗai za a sauya, sauran kome ya zauna yadda yake. Albarushi ya zama daga gwangwani ɗaya, a auna shi da ma'auni ɗaya, a shafe baki, kada a yi masa tozo yau gobe a rage. Awon kuwa shi ne wanda aka san bindigar tana ɗauka tun daga wurin wanda ya ƙera ta. Ba a ƙara shi don a burge 'yan kallo. Daga ma'auni ake zubawa cikin bututu, ba daga ƙaho ko kwalba ba, don in akwai sauran garwashi a ciki, wutar ta tsaya a kan awo ɗaya. Garin da ke cikin harsashin bindigar zamani, da kan ashana, kada a kusantar da su ko kaɗan, ƙarfinsu ya wuce abin da wannan bututu zai jure. Tsumman da za a naɗe harsashi da shi a yanko shi daga ƙyalle ɗaya, a shafa masa ɗan kitse. Aikinsa ya cike tsakanin harsashi da bututu. Harsashin da ke girgiza a ciki yakan daki gefe da gefe yana fita, kuma gefen da ya daka na ƙarshe shi ke zaɓa masa hanya.

A tura harsashi har ya zauna a kan albarushi sosai. In aka bar fili tsakaninsu, bututu yana iya kumbura ko ya fashe. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yi wa sandar ɗuri zane biyu da wuƙa, ɗaya inda take tsayawa in bindiga ba kome, ɗaya inda take tsayawa in an yi ɗuri daidai. Mai wannan zane ba zai yi ɗuri biyu a kan juna da mantuwa ba. Fuska da tafin hannu su kauce daga saitin baki. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon allo, a ƙirga har sittin a hankali kafin a motsa ta. Bayan kowane harbi a share cikin bututu da tsumma mai ɗan laima, a bi da busasshe, gama fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama hayaƙi, dauɗa yake zama, kuma mai yawa tana manne wa bututu ta ƙuntata shi.

A harba tsofaffin biyar, duk ana auna tabon, ko da an ga suna faɗawa gefe. A cire takarda, a sa sabuwa, a harba sababbin. Sa'an nan a nemi ramuka biyu da suka fi nisa da juna a kowace takarda, a auna tsakaninsu da inci. In akwai malami ko akawu a wurin, ya rubuta a jikin takardar: rana, da nisa, da irin harsashi, da awon da aka samu.

Karatun takardar ne mutane suka fi kuskurewa. A ce tsohon harsashi ya zuba biyar ɗinsa cikin inci 5, amma duk suna hagu da tabo. Sabon kuwa ɗaya ya shiga tsakiyar tabo, 'yan kallo suka yi sowa, sauran huɗu suka watse har inci 14. Tsohon ne ya ci. Wanda ya taru wuri ɗaya, maharbi zai iya gyara saitinsa ya kawo shi kan tabo. Wanda ya watse ba shi da magani, don ba wanda ya san inda na shida zai faɗa. Ramin da ya fito dogo kamar kafar makulli, shaida ce harsashi ya zo a kwance. In awon biyu ya yi kusa da juna, kada a yanke hukunci sai an sake wata rana.

Wanda ya ci a yadi 25, a gwada shi a yadi 40, sa'an nan 50. Za a ga ramuka sun ƙara watsewa, sun kuma sauka ƙasa. Nisan da biyar ɗin suka daina taruwa cikin faɗin faifai, nan ne iyakar bindigar. Harbin da ya wuce nan ɓarnar albarushi ne, ko kuwa a raunana dabba ta tafi ta mutu a daji.

Da an koma gida a wanke bututu da ruwan zafi, a busar, a shafa mai, gama dauɗar albarushi tana jawo laima ta kawo tsatsa. Maganar lasin kuma kada a manta da ita. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta ware wa bindigogin ɗurin baki sashe nasu, ta sa sha'anin lasinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mai bindiga ya tafi ofishin 'yan sanda na Kabo ko na Gwarzo ya ji abin da ake bukata kafin ya fita da ita.

Saura dalma ita kanta, gama guba ce. A 2010 gubar dalma da ta fito daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Mai zubin harsashi ya yi aikinsa a fili, bayan gari, da tukunyar da ba za ta sake komawa madafa ba, kada kuma ya fasa tsohon batirin mota don neman dalma. Ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya ajiye harsasai inda yaro ba zai kai su baki ba. Naman da aka harbo kuwa, a ciro harsashin, a yanke wurin da ya bi a yar tun kafin a kai wa uwargida.