Inda Za Ka Sayi Faifan Ajiya da Kayan Kwamfuta a Garwa

Shekarun baya na sayi faifan ajiya, wanda 'yan kasuwarmu ke kira diskidur, a hannun wani saurayi da ya shigo shagona da jaka a kafaɗa. Ledarsa a liƙe, takardar jikinsa fes, kuɗinsa kuma ƙasa da na kasuwa. Mako uku ya yi a cikin kwamfutar da nake buga wa mutane takardu, sai wata safiya ya fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa tebur da farce. Kafin azahar ya mutu, ya tafi da kundin kammala karatun ɗalibai biyu da hotunan bikin wata baiwar Allah. Na buga lambar saurayin, a kashe. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar kallon da ɗaya daga cikin ɗaliban nan ya yi mini ba.

Faifai ba ya nuna ciwonsa a fuska. Mai rai da wanda ya kusa mutuwa kamarsu ɗaya a kan kanta. Shi ya sa a wurina zaɓen mai sayarwa ke gaba da zaɓen kaya: wanda zai bari ka gwada a gabansa, wanda kuma gobe za ka same shi inda ka bar shi.

Mataki na 1: San abin da kwamfutarka ke ɗauka

Kafin ka hau babur zuwa kasuwa, juya kwamfutar ka ɗauki hoton lambar ƙirarta da waya. Ta tebur takan ɗauki faifai mai inci 3.5, ta hannu mai inci 2.5, shi ma akwai mai kaurin milimita 7 da mai 9.5. Na baya-bayan nan da yawa suna amfani da wani siriri da ake kira M.2, kuma kashi biyu ne masu kama da juna, SATA da NVMe. Ba kowace kwamfuta ke karɓar duka biyun ba. Haka ram: DDR3 ba ya shiga ramin DDR4 domin tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne DDR3 da DDR3L, tsaga ɗaya amma na farko volt 1.5 yake ci, na biyu 1.35, kuma akwai kwamfutocin da in ba na biyun aka sa musu ba, ko tashi ba za su yi ba. In caja kake nema, karanta volt da amfiya a jikin tsohuwar.

In ka tambaye ni, a garin nan SSD ya fi dacewa da ɗaukar Windows da aikin yau da kullum. Ba shi da allurar da ke yawo a kan faranti, don haka jijjigar babur ba ta yi masa lahani. Faifai mai juyawa kuwa a bar shi wa ajiyar manyan kaya, bidiyo da hotuna, inda arhar sarari ke da amfani.

Mataki na 2: Tambayi hanyar da kaya ya biyo

Babu abin kwamfuta da ake ƙerawa a Garwa ko Marwa ko Gaundare. Duk abin da ka gani a kanta tafiya ya yiwo, kuma tafiyar nan tana faɗa maka rabin labarinsa.

Babbar hanya ita ce ta kudu. Kaya ya sauka a tashar ruwan Duwala, ya bi ta hannun dillalan Akwa ko na Titin Kennedy a Yawunde, ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Gaundare inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sannan ya gangaro kan kwalta zuwa nan, wani ya wuce Marwa har Kusuri. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma kowane hannu da kayan ya ratsa sai ya ɗora nasa. Tsada ce, amma a nan aka fi samun sabo na gaske mai takardar saye.

Ta biyu ita ce ta Najeriya: daga Computer Village a Ikeja, ko Titin Beirut a Kano, ta Yola ko Mubi. Tun da naira ta faɗi a 2023 mutane ke ɗauka komai na can arha ne in aka auna da sefa. Ga gero ko atamfa wataƙila, amma kayan kwamfuta da dala ake shigo da su, farashinsu na bin dala duk inda ta je. In ka haɗa kuɗin mota da na hanya, sau da yawa ribar ta tafi, ga shi komawa da kayan da ya lalace sai ka sake ƙetare iyaka. Ka kuma lura da abu biyu: filogin Najeriya mai ƙafa uku masu faɗi ne, namu mai zagayayyun ƙafafu, allon rubutunsu QWERTY ne, alhali mai buga Faransanci AZERTY yake buƙata saboda haruffa masu alama a kai.

Sai 'yan kasuwar da ke ɗauko kaya da kansu daga Dubai ko Guwanzu, sai shagunan gwanjon Turai da ake ce wa burokant, sai kuma masu gyara, waɗanda ke cire faifai da ram daga matattun kwamfutoci su sayar. Ban raina ko ɗaya ba. Ram na hannu, alal misali, ba kasafai yake ba da matsala ba, ni kaina shi nake saye. Laifin shi ne a kira na hannu da sunan sabo.

Saboda haka ka tambaya kai tsaye: “Alhaji, wannan daga ina ya fito, sabo ne ko na hannu?” Mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar nan. Ka riƙe wannan a ranka kuma: kamfani uku kawai suka rage a duniya masu ƙera faifai mai juyawa, Seagate da Western Digital da Toshiba. Samsung ya sayar wa Seagate nasa sashen a 2011, na Hitachi ya koma hannun Western Digital a 2012. Duk wanda ya miƙo maka faifan Hitachi ya ce sabo dal ne, to ko dai bai san kayansa ba, ko yana fata kai ba ka sani ba.

Mataki na 3: Zagaya kafin ka ciro kuɗi

Shiga shago uku ko huɗu, a kewayen babbar kasuwa da cikin unguwanni, ka tambayi abu iri ɗaya. Ba mafi arha kake nema ba, tsakiyar farashi kake son sani, domin wanda ya faɗo ƙasa da ita sosai akwai dalili. Duba ko shagon na da teburin gwaji da kwamfuta a kunne. Duba inda aka jera kaya: faifan da ya kwana wata uku tsirara a gilashin da rana ke duka, ƙurar hunturu na sauka a kansa, ba nawa ba ne. Sannan ka tambayi masu buga takardu da masu ɗaukar hoton biki inda suke saye. Su ne faifai ya fi mutuwa a hannunsu, sun san wanda ke musanyawa ba tare da rantse-rantse ba.

Mataki na 4: Gwada a gabansa

Nan ne cinikin yake. Sa manhajar CrystalDiskInfo a filas ɗinka, kyauta ce, ka tafi da kwamfutarka in ta hannu ce. Kowane faifai yana rubuta tarihinsa a cikinsa, abin da ake kira SMART, manhajar nan kuma karanto shi take yi.

Akwai wani dattijo da na daɗe ina saye a wurinsa. Ranar da na fara zuwa, ina ciro filas sai ya janyo wata 'yar igiyar USB daga aljihun tebur ya ce, “Malam, zauna, gwada da kanka, kada ka ce ni na faɗa maka.” Muka jona faifai na farko, allo ya nuna rawaya, alamar gargaɗi. Bai ce uffan ba, ya ɗauki biro ya yi masa alama a baya, ya jefa shi wani kwali daban, ya miƙo na biyu. Wannan alamar biron ce ta sa har yau ban sauya shago ba.

Abu uku za ka duba. Na farko awoyin da faifan ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka wanda ya nuna 26,000 ya yi kusan shekara uku yana aiki dare da rana. Sabo kuwa bai kamata ya wuce awoyi kaɗan ba. Na biyu layin 05 da layin C5, waɗanda ke ƙirga gurabun da suka lalace da waɗanda ake shakkarsu. In ba sifili ba ne, mayar masa da abinsa ko da ya rage maka rabi, domin irin wannan ciwo ƙaruwa yake yi. Na uku lambar siriyal: wadda manhaja ta nuna dole ta zama ita ce a takardar jikin faifan. In sun saɓa, an sauya takarda. Ga SSD, manhajar na nuna kason lafiyar da ta rage masa da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa.

Sai dai ana iya goge wannan tarihi. A farkon 2025 kafar labarai ta Heise a Jamus ta fallasa yadda aka sayar da faifan Seagate masu dubban awoyi a matsayin sababbi, ta hannun shagunan da ake ganin mutuncinsu, bayan an mayar da ƙidayar SMART sifili. Wani kundi na daban da ke cikin faifan, mai suna FARM, shi ya tona asirin. Abin da ya faru a Jamus ba zai gagara faruwa a nan ba. Don haka ka haɗa da ido: kalli ramukan kusoshi ko fentinsu ya goge, kalli haƙoran jonawa ko sun karce, kalli shekarar ƙira. In akwai intanet, sa siriyal a shafin kamfanin ka ga abin da zai ce game da garanti.

Kada ka zargi mai shago a banza kan girma. Faifan tera 1 a Windows giga 931 yake nunawa, na 500 kuma 465, bambancin lissafi ne kawai. Zambar gaske tana wurin ƙananan SSD na waje da filas masu alƙawarin tera 2 ko 16 a kuɗin buhun shinkafa. An sha fasa irinsu a tarar da ɗan katin waya a ciki, an yi masa dabara ya riƙa faɗar girman ƙarya. Kana zuba kaya yana karɓa, yana shafe na baya. Manhajar H2testw ce ke kama su, domin cika faifan take yi ta sake karantawa. Tana cin awoyi, don haka ku yi da mai shago cewa za ka gwada a gida ka dawo.

Mataki na 5: A rubuta

Garantin shekara biyu ko uku da ke jikin kwali na kamfani ne, kuma daga Garwa kai wa gare shi aiki ne ja. Wanda zai amfane ka shi ne na mai shago, ko da na wata guda ne. A rubuta maka rasit mai kwanan wata da siriyal da adadin kwanaki da hatimin shago. Ka ji daga bakinsa: musanya ce ko mayar da kuɗi? In wuta ce ta ƙona fa? Mafi yawansu ba sa ɗaukar wannan, gara ka sani tun yau. Zumunci bai hana rubutu ba; ko a wurin dattijon nan rasit nake karɓa, shi ma ya fi son haka.

Mataki na 6: In dole sai daga nesa

Wani lokaci abin da kake nema, kamar allon wata kwamfuta ko batirinta, babu shi a duk arewa. Sai ka ga talla a Facebook ko WhatsApp daga Duwala, ana cewa turo ta Orange Money ko MoMo. Tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba ka sani ba sayen kifi ne a ruwa. In kana da ɗan'uwa a can, shi ya je ya gani ya gwada ya biya. In babu, nemi bidiyon kayan a jone, ana ganin siriyal da sakamakon gwaji, ka ba da kafin alƙalami, sauran sai kaya ya iso tashar motar da aka aiko shi. Ram da SSD suna jure tafiya. Faifai mai juyawa kuwa, in ba a naɗe shi da soso cikin kwali mai kauri ba, ramukan hanya kaɗai sun isa su gama da shi kafin ya ga gadar Binuwai.

Mataki na 7: Kafin ka bar shagon

Ware wani abu cikin kuɗin don ondula, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ko aƙalla na'urar daidaita wuta. Wutarmu ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya da rani ɗauke-ɗauken wuta kan yawaita. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana ɓata bayanai, dawowarta da ƙarfi tana ƙona kaya. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, alhali yawancin faifai masu juyawa iyakarsu 55 zuwa 60 ce. Sa mai gyara ya busa ƙurar fanka yayin da kwamfutar ke buɗe.

In a shagon aka sauya maka faifan, karɓi tsohon ka sa a aljihu, ko da an ce ya mutu. Hotunan iyalinka da takardun mutane suna ciki, kuma abin da aka goge ana iya dawo da shi. In yana da sauran rai, sayi ɗan akwatin USB ka sa shi, ka riƙa kwafe muhimman abubuwa a kansa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sannan ka cire shi daga wuta ka ajiye a ɗakin da ba na kwamfutar ba.