Ga Masu Gonaki da Masu Injin Casa: Abin Yi da Abin Bari Kan 'Yan Ƙwadago

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya mai da Kura da Bunkure da Garun Malam gidan shinkafa da tumatir, har amfanin yana kaiwa kamfanonin Challawa a Kumbotso. Amma dashe da yanka da ɗora buhu duk mutum ke yin su, kuma mutum na da zuciyar da ke gajiya. Alhaji, ga sharuɗɗa, babu sassauci a cikinsu.

ABIN DA ZA A YI

1. Ku yanke lada kafin a shiga gona, ku biya ranar da aka yi alkawari. Magidancin da ya wuni cikin laka ya koma gida ba kuɗin cefane ba ya iya barci, kuma gobe da rabin hankali zai zo muku.

2. Ku ba da hutu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun awa guda ga wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye, da yini guda a kowane mako. A zafin Maris da Afrilu, a fara da sassafe, a tsaya kafin azahar, a ajiye ruwan sha da inuwa.

3. Ku ba mai feshi safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci. Haka ma wanda ke shaƙar ƙurar ƙaiƙayi a bakin inji.

4. Ku lura da yaranku. Wanda ya daina raha, ya rame, ya koma yawan faɗa ko zama shi kaɗai, ku kira shi gefe ku ji damuwarsa. In abin ya yi nauyi, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

5. Ku yaba wa wanda ya yi da kyau. "Sannu da ƙoƙari" ba ta rage riba.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ku kulle ma'aikaci. A watan Yunin 2020, 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, inda aka tsare su wata da watanni suna aiki lokacin kullen korona. Wannan ɗauri ne, ba ɗaukar aiki ba.

2. Kada ku zagi babba a gaban yara, ko ku ci mutuncin matan da ke tsinkar tumatir da shiƙa. Yunwa ce ta kawo su, ba rashin daraja ba.

3. Kada ku fake da cewa aikin gona na wucin gadi ba ya cikin dokar mafi ƙarancin albashi. Tarayya ta sa naira 70,000 a 2024, Kano ta sa 71,000. Wanda doka ba ta kama ba, hakki zai kama shi.

4. Kada ku ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku, sannan ku kau da kai in ya haɗiyi tiramol don ya ƙarasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ku ne kuka tsaga shi.

5. Kada ku zaftare ladan lebura don farashin kwandon tumatir ya faɗi a kasuwar Kwanar Gafan, ko don tsutsa ta cinye gona kamar a 2016. Ba ku raba riba da shi ba, kada ku raba asara.

6. Kada ku ce ciwon damuwa ragwanci ne ko raunin imani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa damuwa da fargaba na cinye kwanakin aiki biliyan 12 duk shekara.

Wanda ba zai iya kiyaye waɗannan ba, ya rage faɗin gonarsa ya noma da hannunsa. Ku ji tsoron Allah kan gumin talaka.